Sharhi: Duniya na neman mayar da kara man mota, mu kuwa karanmu yana da masu shi



Duk wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Tasawa, ko ta Damagaram zuwa Matamai a ƴan makonnin nan, ya ga amalanke a jere, kowace an labta mata karan hatsi har ba a ganin mai tuƙi. Tun kafin hukuma ta faɗi ranar sakin gonaki an kwashe kara, an jibge shi bisa rumfa da bisa itatuwa. Tsofaffinmu suna ba da labarin lokacin da ake barin kara a gona, makiyayi ya shigo da shanunsa su ci, su bar wa mai gona taki. Yau kara ya zama haja, kuma idan bazara ta yi tsanani kuɗinsa sai ya ba mutum tsoro.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, a wasu ƙasashe ma ido yana kan kara, amma su man mota suke son yi da shi. A watan Satumba na 2023, a taron G20 na birnin New Delhi, aka kafa ƙawancen ƙasashe masu son bunƙasa man da ake samu daga tsirrai. Indiya ta kai matsayin gauraya kashi 20 cikin 100 na etanol a cikin fetur a 2025. Brazil ta ɗaga nata zuwa kashi 30 daga ranar 1 ga Agusta 2025. A watan Satumba na 2025 kuma firaministan Indiya Narendra Modi ya buɗe wata masana'anta a Numaligarh, jihar Assam, wadda ke yin etanol daga gora.

Mu nan ba mu manta da watan Maris na 2025 ba, lokacin da masu motoci da ƴan kabu-kabu suka riƙa kwana a layin gidajen mai, har sai da aka nemo mai daga Najeriya. Tun da shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, ruwa-ruwa ya daina araha, jama'a suka koma gidajen mai, inda gwamnati ta rage kuɗin lita zuwa sefa 499 a watan Yuli na 2024. Matatar SORAZ ta kasa ɗaukar nauyin kowa ita kaɗai. To idan mutum ya ji an ce ana iya yin mai da kara, dole ya ce: mu da muke da kara a ko'ina, me muke jira? Tambaya ce mai kyau. Amma kafin a amsa ta, sai mun san yadda aikin yake, da abin da ya samu waɗanda suka riga mu gwadawa.

Sukarin da ke kulle a cikin kara

Etanol shi ne sinadarin da ke cikin barasa, sai dai wanda ake zuba wa mota ana gurɓata shi da fetur don kada wani ya sha. Daga sukari ake samun shi: a ba yisti sukari, irin yistin da masu burodi ke sa wa ƙullu, ya ci ya fitar da etanol. Da ruwan rake abin ba wuya, sukarin a fili yake. Da masara ma da sauƙi, shi ya sa akasarin etanol na Amurka daga ƙwayar masara ne. Matsalar ita ce rake da masara abinci ne, kuma gonar da aka noma su gonar abinci ce. Wannan ya sa masana suka juya ga abin da ya rage bayan girbi: kara, tattakar shinkafa da ta alkama, da tuƙar rake.

Busasshen kara ba ya da zaƙi a baki, amma fiye da rabinsa sukari ne da aka saƙa. Kashi uku ne manya a cikinsa. Akwai selulos, wato zare mai tsawo wanda ƙwayoyin sukari ne aka jera kamar carbi, aka matse su tamau. Shi ne wajen kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na nauyin busasshen kara. Akwai hemiselulos, wani nau'in sukari da ya nannaɗe zaren. Sai lignin, wanda ba sukari ba ne, ƙaro ne mai tauri da ya liƙe su duka. Lignin ne ke sa dawa ta tsaya ƙyam iska ba ta kayar da ita ba, shi ne kuma ke hana a kai ga sukarin.

Saniya ta san wannan aiki tun fil azal. Tana tauna, ta haɗiye, ta dawo da shi ta yi tuƙa, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su warware zaren. Gara ma haka take yi da darni. Duk da haka, wanda ya duba kashin shanu a rani zai ga guntayen kara sun fito yadda suka shiga. Abin da masana'anta ke so shi ne ta fi tumbin saniya iyawa, cikin sauri, kuma da kuɗi kaɗan.

Mataki na farko shi ne lallasa karan. A daddatsa shi, a sa shi cikin tukunyar ƙarfe da tururi mai zafin da ya kai digiri 160 zuwa sama da 200, sannan a saki matsin farat ɗaya, karan ya tarwatse ya yi laushi. Wasu suna ƙara ruwan asid kaɗan, wasu kuma amoniya ko wani sinadari ɗan'uwan kanwa. Matanmu za su gane wannan: kamar yadda ake jefa kanwa a tukunyar wake ya nuna da wuri. Kuma kamar kanwar, idan ta yi yawa an ɓata girki. Zafi ko asid ya wuce kima, wani ɓangare na sukarin sai ya ƙone ya zama guba ga yistin da zai zo daga baya. Idan kuma bai kai ba, zaren ya zauna a kulle.

Mataki na biyu shi ne a zuba anzim. Anzim sinadari ne da halittu ke fitarwa don warware abinci. Mai kunun zaƙi da ke sa tsiron shinkafa ko dankali don kunu ya tsinke ya yi zaƙi, da anzim take aiki ko ba ta san sunansa ba. Na kara daban ne, kuma tarihinsa abin dariya ne. A yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon sun ga tantunansu da kayansu na auduga suna ruɓewa. Da aka bincika sai aka tarar wata funfuna ce ke cin zaren. Masu bincike Elwyn Reese da Mary Mandels sun shafe shekaru suna nazarinta a Natick, har aka raɗa mata sunan shi Reese ɗin, Trichoderma reesei. Har gobe jikokin wannan funfuna ne ke samar da yawancin anzim ɗin da masana'antu ke saye.

Ba anzim ɗaya ke aikin ba, gayya ce. Wani ya sari zaren a tsakiya, wani ya bi ta baki yana gutsura biyu-biyu, na uku ya raba biyun ya zama sukarin da yisti ke ci. A 2010 masu bincike a ƙasar Norwe suka bayyana wani na dabam da ke amfani da iskar oksijin wajen tsaga wuraren da zaren ya fi tauri, kuma shigar da shi cikin gayyar ya ƙara yawan sukarin da ake samu. Aikin yana son ɗumi wajen digiri 50, yana ɗaukar kwanaki. Nan ma akwai lissafi. Ruwa ya yi yawa, sukarin ya tsinke, a ƙona makamashi mai yawa wajen tace etanol ɗin. Ruwa ya yi kaɗan, abin ya yi kauri kamar tuwon da muciya ba ta juyuwa a cikinsa. Sannan lignin yana kama anzim ya riƙe shi a banza, shi kuwa anzim kuɗi ne.

Mataki na uku, yisti. Yistin burodi ba ya cin sukarin da ke fitowa daga hemiselulos, sai da aka yi shekaru ana gyara halittarsa kafin ya iya. Lignin da ya rage kuma ana ƙona shi a samu tururi da wutar lantarki. Idan kuka ji ana cewa masana na ƙoƙarin inganta wannan fasaha, to abin da ake nufi ke nan: daidaita zafi, da lokaci, da yawan ruwa, da yawan anzim, ga kowane irin kara, don lita ɗaya ta fito da arha.

Waɗanda suka riga mu

A ɗakin gwaji an ci nasara tun da daɗewa. A kasuwa ne aka sha wuya. Dokar Amurka ta 2007 ta sa burin samar da galan biliyan 16, wajen lita biliyan 60, na irin wannan mai zuwa shekarar 2022. Ko kashi 10 cikin 100 ba a kai ba, kuma akasarin abin da aka ƙirga ma iskar gas ce ta juji da ta kashin dabbobi. Masana'antar kamfanin Abengoa da aka buɗe a Kansas a 2014 ta tsaya a 2015 da kamfanin ya faɗa cikin bashi. Ta DuPont a jihar Iowa an buɗe ta a 2015, aka rufe a 2017. Ta POET-DSM, ita ma a Iowa, an buɗe ta a 2014, ta daina samar da mai a 2019. A Turai, kamfanin Clariant ya gina tasa a Podari, ƙasar Romaniya, don mayar da tan 250,000 na tattaka zuwa tan 50,000 na etanol a shekara. Ta fara aiki a 2022, a watan Disamba na 2023 kamfanin ya ba da sanarwar rufe ta saboda asara.

Kowace da dalilinta, amma akwai wahalar da ta bi kusan dukansu: shi karan kansa. Yana da girma ba nauyi, ɗaukarsa daga nesa tsada. Yana zuwa da ƙasa da tsakuwa da ke cinye injuna. Na wannan gona ba ɗaya yake da na waccan ba. A tara shi wuri ɗaya, ko ya jiƙe ya ruɓe, ko gobara ta tashi.

Inda abin ya fi tsayawa da ƙafarsa akwai dalili. A Brazil, kamfanin Raízen ya buɗe masana'antar Bonfim a garin Guariba a watan Mayu na 2024, mai iya fitar da lita miliyan 82 a shekara. Su tuƙar rake ta riga ta taru a ƙofar masana'antar sukari, ba sai an bi gona-gona ana nema ba. A Indiya kuwa, manoman Punjab da Haryana ƙona tattakar shinkafa suke yi don su samu su shuka alkama da wuri, hayaƙin ya turnuƙe birnin Delhi kowace shekara. Masana'antar Panipat da aka buɗe ranar 10 ga Agusta 2022 an tsara ta ne ta karɓi wajen tan 200,000 na tattaka a shekara ta fitar da lita miliyan 30. A can, wanda ya kwashe maka tattaka taimakonka ya yi.

Mu yi lissafin gida

Kun ga ke nan duk wannan sana'a ta ginu ne a kan zaton cewa kara shara ce. A wajenmu kuwa, wane kara ne shara? Shi tumaki da shanu da jakai ke ci daga kaka har saukar damina. Da shi ake darni da rumfa da gado. Da shi uwargida ke hura wuta inda icce ya yi wuya, tokarsa kuma a tace ta a sa a miya ko a yi sabulu. Ɗan abin da ya rage a gona shi ke tare rairayi idan iskar farkon damina ta taso tana binne shuka. Gwaje-gwajen da aka yi shekaru da dama a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa gonar hatsin da aka bar wa karanta ta fi riƙe ƙasa kuma ta fi ba da amfani a kan wadda aka share ƙaf. Matsalarmu ma ita ce ba mu da isasshen karan da za mu bar wa gonar.

Bari mu ɗauki masana'anta irin ta Panipat mu ajiye ta a jihar Maradi. Tan 200,000 a shekara, wato wajen tan 550 kowace rana ta Allah. Mu ƙaddara hekta ɗaya ta ba da tan 2 na kara, kuma manoma sun san gonaki da yawa ba su kai haka. Sai an share hekta 100,000 ƙarƙaf, ba a bar wa akuya ko tsinke ba. Me za a samu? Lita miliyan 30 a shekara. Matatar SORAZ, da ta fara aiki a ƙarshen 2011, an gina ta ne don tace ganga 20,000 ta ɗanyen mai a rana, sama da lita miliyan 3 ke nan. Wato abin da masana'antar kara za ta fitar a shekara guda bai wuce yawan abin da ke shiga SORAZ cikin kwana goma ba. Ga shi kuma ƙarfin litar etanol wajen kashi biyu cikin uku ne na litar fetur. Ba mu ma yi maganar ruwa ba, alhali mutanen Damagaram sun san abin da ake kira neman ruwa a watan Afrilu. Anzim ɗin kuma daga waje za a sayo shi, da kuɗin waje.

Sai mu tambayi kanmu, idan babban mai saye ya shigo kasuwar kara da tsabar kuɗi a lokacin kaka, lokacin da manomi ke neman abin biyan bashi da na biki, wa zai ji a jikinsa? Mai babbar gona zai ji daɗi. Matar da ke kiwon rago biyu a bayan ɗaki don sallar layya, ita za ta sayi dami da tsada. Makiyayin da ya gangaro kudu bayan sakin gonaki zai tarar da fili fayau, kuma mun san irin fitinar da ke tashi tsakanin manoma da makiyaya idan ciyawa ta yi ƙaranci. Ai saboda irin wannan ne dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta sa ƙa'ida a kan kwasar ciyawa don sayarwa. Gonar kuma, bayan ƴan shekaru, za ta gaya wa mai ita gaskiya. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu ba mu ga inda take kuɗin ba tukuna.

Inda rabonmu yake

Ba cewa muke a rufe ido ga wannan ilimi ba. Mu dai muna ganin amfaninsa na farko a wajenmu cikin tumbin dabba yake, ba cikin tankin mota ba. Matakin lallasa kara da masana'antu suka kashe dukiya wajen gyarawa, shi ne dai abin da saniya ke buƙata. Idan an sassauta lignin, dabba ta fi cin karan, ta fi narkar da shi, dami ɗaya ya yi aikin fiye da ɗaya. Cibiyar binciken kiwo ta duniya, ILRI, ta gwada irin waɗannan hanyoyi na tururi da amoniya a kan tattaka da kara a Indiya don abincin dabbobi. Ƙaramin samfurin abin ma an daɗe da kawo shi ƙasarmu: a narka kilo 4 zuwa 5 na takin ire a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara ko tattaka, a danne a rufe ruf na makonni biyu zuwa uku, a buɗe a sha iska kafin a ba dabba. Amoniyar da takin ke fitarwa ce ke yin aikin. Wanda zai gwada, don Allah ya nemi ma'aikacin kiwo na yankinsa tukuna, domin takin ire idan dabba ta ci shi tsagwaronsa yana kisa. Injunan daddatsa kara da ƙungiyoyin manoma ke samu su ma suna rage ɓarna, tunda dabba ba ta zaɓe ganye ta bar sanda.

Na biyu, takanda. Ita sukarinta a cikin ruwanta yake, ba ta buƙatar anzim mai tsada, kuma bayan an matse, tuƙar ta koma wa dabbobi. ICRISAT ta gwada yin etanol da ita a Indiya. An gamu da cikas, domin ruwan yana lalacewa da wuri bayan yanka kuma lokacinta gajere ne, amma wannan bincike ne da ya dace da ƙasarmu fiye da na tattakar alkama.

Na uku, idan har za a nemi tsiron da za a narka, a fara da wanda ya dame mu. Garmani ya cinye burtali da makiyaya a jihar Maradi, kacalla ta toshe tafkuna da hanyoyin ruwa. Tara su ma aiki ne mai cin kuɗi, amma aƙalla ba a bakin kowa za a fizge su ba. Muna da INRAN, muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maradi, da André Salifou a Damagaram, da Djibo Hamani a Tawa, da Abdu Mumuni a Yamai. Ɗalibanmu na iya auna sukarin da ke cikin karan hatsi da na dawa da garmani, su duba halittun da ke cikin gararmu da tumbin raƙumanmu, waɗanda suka saba da zafi da busasshen abinci. Wannan aiki ne da ƙaramin ɗakin gwaji zai iya farawa.

Wata rana wani zai zo da takardu da hotuna masu kyau ya ce zai kafa masana'antar mai daga sharar gona. Muna roƙon magadan gari, da sarakuna, da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya, su tanadi tambayoyinsu tun yanzu. Tan nawa kake so a shekara, daga waɗanne garuruwa? Nawa za a bar wa gona, wa zai sa ido? Ruwa lita nawa, daga wace rijiya? Abin da ya rage bayan tacewa zai koma wa manoma ne ko ƙonewa za a yi? Shekarar fari kuma, wa ke da fifiko, masana'anta ko dabbobi? Sannan a ina ka taɓa yin irin wannan aiki, yana tafiya har yanzu? Wanda ya zo da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Ku da ke karkara kun fi mu sanin kuɗin dami a kasuwarku bana, da yawan karan da kuke iya bari a gona. Ku aiko muna da bayani ta shafin nan ko ku kira a shirinmu na manoma da makiyaya, za mu karanta a iska. Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe, Ya kai mu damina lafiya.